Ƙyauren da Sakatarsa ke Ciki

Maamobi, Accra
Watan Fabrairu

Zuwa ga 'yata Sherifa, ɗiyar ƙanena marigayi Abdulganiyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Rauf da yara, da aikin koyarwa. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwoyi sun ƙi ni, a kan kujera nake sallah yanzu, kunnen hagu kuwa ya bi sahun na dama. Shi ya sa nake so ki daina ɓata katinki kina kira na a waya, ba na jin komai sai kamar ana suyar ƙosai. Hannu dai yana nan. Malaman da suka doke shi a makarantar boko tun zamanin Turawa ba su yi aikin banza ba. Zuberu direba, mai lodi a tashar Tudu, ya yarda ya riƙa kai miki takarda Tamale duk sanda ya hau da kaya.

Ga abin da ya sa na rubuto. An shafa wa bangonmu jan fenti. Gwamnati za ta faɗaɗa gotar nan, magudanar ruwan da ta bi ta ƙofar gida, ta zuba mata kankare, kuma layin ya ci gaban gidan kakanki Malam Muftahu. Ba duk gidan ba. Ɗakin baƙi ne zai tafi, da dakalin da ke jikinsa.

Kada ki ji haushi a madadina. Na ga abin da gotar nan ke yi idan ruwan Yuni ya sauko. Na ga ta ɗauki akuya, na ga ta ɗauki tukunyar mai wake da shinkafa da wutarta, sau ɗaya kuma na ga an tsamo 'yar maƙwabtanmu a can ƙasa wajen Alajo. Ranar da aka tara mu aka yi bayani, mutane na ta hayaniya, na miƙe da sandata na ce gidan Malam Muftahu ya ba da hanya. Na fi so a ce mun bayar da a ce an ƙwace mana.

Ƙasar dai kin san ba tamu ba ce. Kakanki ya roƙe ta wurin wani dattijon ƙabilar Ga, masu ƙasar Accra. Al'adarsu a kai kwalbar giya, shi kuwa ya ce shi Musulmi ne, ya kai rago da ƙwaryar goro, dattijon ya yi dariya ya karɓa. Saboda haka diyyar ƙasa ta zuriyar dattijon ce, mu diyyar gini za a ba mu. Rabinta hakkin mahaifinki ne, wato naki.

Kin bar gidan nan kina ƙarama, bari in tuna miki. Kafin kakanki ya gina ɗakin da zai kwana, ɗakin baƙi ya fara ginawa, domin da ya sauko daga Salaga da goronsa, kwanan kasuwa ya yi babu wanda ya ce masa shigo. Ya kafa wa ɗakin doka. Ba a karɓar haya. Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai in shi ya so faɗa. Ƙyauren kuma babu kwado a waje, sakata ɗaya ce tak, daga ciki. Baƙo ne mai rufewa, ba maigida ba.

Roƙona shi ne ki yarda in haɗa rabonki da nawa in sake gina ɗakin a bayan gida, inda muke ɗaure tumaki a dā. Ban so in taɓa hakkin marainiya ba da saninta ba, ko da marainiyar ta yi furfura.

Naki,
Baba Kadiri

*

Tamale
Watan Maris

Baba,

Wa alaikumus salam. Mun ji daɗin takardarka, yara sun yi ta mamakin kyan rubutunka. Duk muna lafiya, sai zafi. Rauf yana gaishe ka. Na ba Zuberu man kaɗanya, ka riƙa shafa wa gwiwa da safe, kada ka ba maƙwabta kamar wancan. Furfurar kuma ƙwaya biyu ce, na cire su.

Maganar rabona, Baba, ba sai ka tambaya ba. Na yarda. Amma akwai abin da nake so ka sani kafin masu ƙiyasi su zo. Rauf ya tambayi wani abokinsa da hanya ta ci shagonsa a nan. Ya ce ɗakin da ke da ɗan haya daban ake yi masa kuɗi, domin ana ƙara wa maigida hayar da zai rasa. Ɗakin da babu kowa kuwa, bulo da kwano kawai za su duba, ga shi namu ya tsufa. Ya ce kowa abin da yake yi shi ne ya sa mutum a ciki ranar da za su zo. Ba sata ba ce, Baba, ɗaki ne na kwana da gaske. In ba haka ba abin da za su bayar ba zai kai ginin ga taga ba.

Ka yi shawara da Baba Mahama maƙwabcinka, shi ya san irin waɗannan abubuwa.

Kuma har yanzu maganata ta bara tana nan. Kai kaɗai ne a gidan nan tun rasuwar matarka Inna. Mu a nan muna da wuri.

'Yarka,
Sherifa

*

Maamobi
Watan Afrilu

'Yata Sherifa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Man kaɗanya ya iso, Allah ya yi miki albarka. Gwiwar dama ta ɗan saurara, ta hagu ta ce ita ba ta san zancen ba.

Ba sai na nemi Mahama ba, shi ya neme ni. Ashe tunaninku ɗaya. Masu ƙiyasi sun yi gidansa ranar Talata, namu aka sa Alhamis. Da hantsin Alhamis ina zaune a kan dakali sai ga shi, Fatawu na biye da shi. Fatawu ɗan hayar Mahama ne, tela ne irin masu yawo da keken ɗinki a ka suna kaɗa almakashi. Ya zo da keken a kansa, katifa a hammata.

Na ce, "Mahama, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya ƙalau, Malam. Ɗan haya na kawo maka. Aro ne, kafin la'asar zan karɓi kayana."

Na ce ai shekaranjiya aka rubuta Fatawu a gidanka. Ya ce, "Wa zai tuna fuskar tela? Malam, kuɗin gwamnati ba na uwar kowa ba ne. Kai dai in an tambaye ka, ka faɗi abin da zan raɗa maka."

Na ce, "A wane kunnen za ka raɗa?"

Fatawu ya yi dariya har keken ya kusa zamewa. Ban hana shi shiga ba, Sherifa. Ɗakin nan ba a hana kowa shigarsa. Ya shimfiɗa katifarsa, ya rataye riguna biyu a ƙusa, ya zauna yana ɗinkin da babu zare.

Suka zo su uku, da ma'auninsu da na'urar ɗaukar hoto. Shugabarsu mace ce, ba za ta girme ki ba, mai ladabi. Ta gaishe ni da Turanci, na amsa mata da Turancin da na tabbata kakanta ma zai gane. Suka auna tsawo da faɗi, suka ƙwanƙwasa bango. Ta leƙa ciki ta ga Fatawu, ta daɗe tana dubansa, ta ce kamar ta san mutumin nan. Mahama ya ce ai telolin unguwar nan duk kamarsu ɗaya.

Sai ta juyo gare ni, ta ɗaga murya don in ji. Ta ce, "Baba, nawa yake biyan ka a wata?"

Mahama ya ɗaga mini yatsu daga bayanta.

Sherifa, na dubi ƙyauren nan. Ki sani ba tsoron kamu ne ya riƙe ni ba, wa zai kama tsoho irina ya kai ina? Amma abin da na faɗa rubuta shi za a yi, ya zauna a ofishin gwamnati bayan na mutu, cewa ɗakin baƙin Malam Muftahu ɗakin haya ne. Mutumin da ya ƙi karɓar ko goro ɗaya daga hannun baƙo, ɗansa ya sa masa farashi yana kabari. Na ce mata, tun da aka aza harsashin ɗakin nan, kafin a haifi mahaifinta, ba a taɓa karɓar ko kwabo a kansa ba. Wannan bawan Allah baƙona ne, yau ya zo.

Ta ce, "Baba, ka gane abin da wannan ke nufi? Ba ni da gurbin da zan sa baƙi. Ko ɗan haya, ko babu kowa." Ta ba ni lokaci in sake magana, na ga alama tana so in sake. Na ce ta rubuta abin da yake gaskiya a wurinta. Ta rubuta babu kowa. Da za su tafi ta dawo ta taɓa sakatar, ta tambaye ni me ya sa babu makulli a waje. Na gaya mata. Ta ɗauki hotonta, ban sani ba ko na ofis ne ko nata.

Mahama bai yi mini magana ba sai bayan sallar Juma'a. Ya ce, "Malam Kadiri, kai da girman kai tare za a binne ku, kuma sai an faɗaɗa kabarin." Na ce in an zo faɗaɗawar a sa Fatawu a ciki, a ƙara mini diyya.

Na san na taɓa rabonki da bakina. Wannan shi kaɗai ke damuna. Amma jikar Malam Muftahu ce ke, na san za ki gane.

Baba Kadiri

*

Tamale
Watan Mayu

Baba,

Muna gaishe ka, muna lafiya. Ina fatan jiki da sauƙi.

Na karanta takardarka sau biyu. Rauf ya yi dariyar Baba Mahama, ni ban yi ba. Ba rabona nake ji ba, Allah ya sani. Amma ka ce burinka ka sake gina ɗakin, sannan da bakinka ka ture abin da za a gina shi da shi. Yanzu ba ɗaki, ba kuɗi, sai suna.

Zan tambaye ka abu ɗaya, ka yi mini haƙuri. Yaushe rabon da baƙo ya kwana a ɗakin nan? Yanzu wanda ya sauka Accra da lambar ɗan'uwansa a waya yake sauka. Kana share ɗaki kullum, kana shanya tabarma, don wa?

Na sa an gyara maka ɗakin da ke kusa da namu, an sa ƙarfen dafawa a bayi. Na yi magana da Zuberu, zai ba ka gaban mota. Ka taho kafin su zo rushewa, ba na so ka tsaya kana kallo.

Sherifa

*

Tamale
Watan Agusta

Baba,

Assalamu alaikum. Sau uku Zuberu yana hawowa, sau uku yana juya mini tafin hannu. Na kira waya, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ya ce ya gan ka da idonsa, kana nan, ka karɓi takardata ka sa a aljihu ka ce masa Allah ya kiyaye hanya. Ya ce an rushe gaban gidan, kuma ya ga wata mace tana shanya a tsakar gida, bai san ta ba.

Idan tambayata ce ta yi maka zafi, ka yafe mini. Ban ce aikin kaka banza ne ba. Kuma ban gyara ɗaki don in ajiye ka kamar kayan da aka rasa inda za a sa ba. Tsoro nake ji, Baba. Ina tsoron ranar da za ka faɗi a tsakar gida babu mai ji. Kai kaɗai ka rage mini wanda ya san mahaifina yana yaro.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Ko faɗa ne.

'Yarka,
Sherifa

*

Maamobi
Watan Satumba

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ban faɗi ba. Ki gaida Rauf da yara. Tari ya ɗan kama ni saboda ƙurar rushe-rushe, ya wuce.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Da na karanta zancen ƙarfen dafawa a bayi da gaban mota, sai na ga kamar an riga an gama da ni, saura a ɗaure a aza. Takardarki ta biyu ta nuna mini ba haka kike nufi ba. Amma ba fushi kaɗai ya hana ni rubutu ba. Tambayarki ce ban da amsar da nake so in bayar. Gaskiya ita ce damina uku ke nan babu wanda ya kwana a ɗakin. Na ƙarshe wani mai sayar da maganin gargajiya ne daga Nijar, shi ma da ya samu 'yan garinsu a Nima ya koma can.

Kafin in ci gaba, akwai abin da ban tabbata an gaya miki ba. Mahaifiyarki Fulera ta ƙofar nan ta shigo gidanmu. Daga Yendi suka zo da mahaifinta, an turo shi babban asibiti, ba su san kowa ba. Wani kwandastan trotro, motar hayar cikin gari, ya ce musu su tambayi gidan Malam Muftahu. Suka zauna har tsohon ya warke. Abdulganiyu, wanda ko tsintsiya ba ya ɗagawa, sai ga shi kullum yana kai ruwa ɗakin baƙi. Da haya ake karɓa, da ba su iya zama ba, da ban san wa zan rubuta wa takardar nan ba.

Sun zo rushewa a farkon Yuli. Na tsaya na kalla. Kafin motar rushewar ta taɓa bango na ɗaga wa direban sanda, ya kashe inji. Na ce gini na gwamnati ne, an biya, amma ƙyaure ba ya cikin awo. Ya sauko da kansa, shi da wani lebura, suka cire mini shi a hankali, suka jingina a tsakar gida. Sannan ya hau. Bangon da ya fi shekara tamanin a tsaye bai ɗauki lokacin shan koko ba.

Diyyar ta fito. Yadda kika faɗa haka ta zama. Da na toshe gaban gidan da sabon bango don kada mu kwana a titi, abin da ya rage ba zai kai ginin ga gwiwa ba, balle taga. Kin yi gaskiya a lissafi.

To ga abin da ba ke ba ni muka lissafa. Layin ya ci ɗakuna huɗu a gidan Mahama, har da na Fatawu. Mahama ya karɓi diyyarsa har da ta hayar da zai rasa. Fatawu, da yake ba shi da bulo ko ɗaya a ginin, aka ce ya kwashe kayansa. Haka aka yi wa 'yan haya tun daga nan har gada, masu gida sun karɓa, su an bar su da katifu a ka. Ɗakunan da suka rage a unguwa kuwa kuɗinsu ya tashi, ana neman na shekara biyu a dunƙule.

Ranar da aka rushe nasu, bayan la'asar, na ji ana buga sabon bango da almakashi. Na fita. Fatawu ne, keke a ka, katifa a hammata, kamar ranar Alhamis ɗin nan. Sai dai yau matarsa Mariam na bayansa da goyo da tukwane. Ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Baba, na san ɗakin ya tafi. Ko a tsakar gida ne, kafin mu samu wuri."

Na ce, "Wa ya ce maka ɗakin ya tafi? Bango ne ya tafi. Ajiye keken ka kama mini nan."

Muka cire ƙyauren ɗakina, mai kwado, muka kafa na kakanki a gurbinsa. Ya ɗan fi ƙofar faɗi, sai da kafinta ya fere gefe. Na kwashe littattafaina da gadona na koma tsohon ɗakin girkin Innarki. Kada ki tashi hankalinki, an shafe shi da farar ƙasa, ba ya yoyo, kuma ya fi kusa da bayi, kin ga ba na bukatar ƙarfen dafawa.

Mariam ta so ta kawo zancen abin da za su riƙa bayarwa. Na nuna mata kunnena na ce ba ya ji. Ita ce matar da Zuberu ya gani. Koko take damawa na sayarwa, kuma ta ɗauki ɗabi'ar ajiye mini kofi a bakin ƙofa. Na ce mata doka ta hana. Ta ce, "Baba, ba haya ba ce, ragowa ce, ko in zuba wa gota?" Na duba dokar kakanki ban ga inda ta hana ragowa ba. Jaririyar tana kuka da asuba, har ni kurma ina jin ta. Na manta rabon da in ji wani abu a gidan nan.

Mahama ya leƙo ya ga ƙyauren. Ya ce, "Ashe dai ɗan hayar nawa ka riƙe." Na ce ai kai ka ce aro ne, ba ka zo karɓa ba.

Kin tambaye ni yaushe rabon da baƙo ya kwana a ɗakin Malam Muftahu. Yanzu zan iya amsa miki. Jiya.

Ba zan zo Tamale ba, 'yata. Maigida ba ya tafiya ya bar baƙi.

Baba Kadiri

*

Tamale
Watan Oktoba

Baba,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunka. Muna lafiya. Labarin Mama da ruwan da mahaifina ke kaiwa ban taɓa ji ba, na karanta wa yara, yanzu sun sa wa ƙaraminsu suna mai kai ruwa.

Ban yarda da zamanka a ɗakin girki ba, kuma ba zan fasa faɗa ba. Na ba Zuberu saƙo wurin mai sayar da siminti a Kotobabi. Za a fara aza bulo a wurin tumakin nan, ko layi biyu-biyu ne, duk wata abin da ya samu. Idan an gama, ƙyauren ya koma can, kai ka koma ɗakinka. Wannan ba shawara nake nema ba, rabin gidan nawa ne, kai ka faɗa.

Ɗakin da na gyara maka a nan yana nan babu kowa. Rauf ya ce a sa ɗan haya. Na ce ya bari tukuna, na kira kafinta ya cire kwadon.

Idan an ba da hutun Disamba zan taho in ga aikin da idona. Sai dai ban san inda zan kwana ba, tunda na ji gidan ya cika.

'Yarka,
Sherifa

*

Maamobi
Watan Nuwamba

'Yata Sherifa,

Gaisuwa gare ku duka. Jiki da sauƙi. Siminti ya iso, bulo ya kai layi uku. Mahama ne ke tsaya wa magina, ba wanda ya sa shi, yana ta faɗa wai suna cin yashi. An zuba kankaren gota har ƙofarmu. Ruwan da aka yi makon jiya ya wuce ta ciki salin-alin, na tsaya a bakin sabon bango ina kallonsa kamar ni na haƙa.

Fatawu ya samu ɗaki a Alajo, za su tashi ƙarshen wata. Mariam ta ce wata ƙawarta da aka rushe wa ɗaki tana kwana a shago da 'ya'ya biyu, ko za ta iya zuwa. Na ce ba ni ake tambaya ba, ƙyauren ake turawa.

Saboda haka ba zan yi miki alkawarin gado ba. Akwai tabarma, na shanya ta. Ki taho. Idan kin iso ki tura ƙofa ki shiga, ki sa sakata. Ba zan tambaye ki abin da ya kawo ki ba.

Naki,
Baba Kadiri Muftahu